Me Ya Sa Dusar Ƙanƙara Ke Binne Waɗanda Suka Fi Saninta?

Ranar 10 ga Maris, 1988, Yarima Charles, wanda yau shi ne Sarkin Ingila, ya fita wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara tare da abokansa a tsaunin da ke bisa garin Klosters na ƙasar Suwizalan. Sun bar hanyar da aka gyara aka kafa wa alamomi, suka shiga wani wuri mai tsananin gangara, kuma da gogaggen jagora ɗan yankin a cikinsu. Nan dusar da ke saman gangaren ta ɓalle ta rufto musu. Yariman ya tsallake rijiya da baya, amma Manjo Hugh Lindsay, tsohon hadimin Sarauniya Elizabeth, ya rasa ransa, wata mata daga cikin tawagar kuma ta ji mummunan rauni a ƙafafu. Irin wannan labari yana maimaituwa duk hunturu, sai dai sunayen mamatan ba sa kaiwa ga jaridun duniya. A tsaunukan Alps na Turai zaftarewar dusar ƙanƙara tana cin rayuka kimanin 100 a shekara, a Amurka kuma tsakanin 25 zuwa 30. Abin da ya fi tsaya wa mutum a rai cikin alƙaluman da cibiyoyin bincike suka tara shi ne, a wajen tara daga cikin kowane haɗari goma, wanda dusar ta kwashe ko wani abokin tafiyarsa ne ya tayar da ita da nauyin jikinsa. Yawanci ƙafar mutum ce ta kai shi wurin, bayan ya duba ya gamsu cewa lafiya lau ne. Ra'ayina shi ne, dusar da ta taru a jikin tsauni abu ce da babu mai iya sanin cikinta sani na tabbas, komai iliminsa. Duk gwajin da aka ƙirƙiro yana iya ce wa matafiyi kada ya je, amma babu guda da ke da ikon ce masa ya je babu komai. Don haka mai son komawa gida wurin iyalinsa sai ya jingina shawararsa kan abin da ba ya canzawa cikin dare, wato siffar ƙasar da zai taka.

Wanda bai taɓa ganin dusar ƙanƙara ba zai ɗauka abu guda ce fara da ke taruwa har ta yi tudu. Alhali hawa-hawa take. Kowace zuba tana barin tata shimfiɗar, kuma kowace shimfiɗa tana ci gaba da sauyawa bayan wata ta danne ta. Ƙasar da ke can ƙarƙashi takan tsaya kusa da digiri sifili a ma'aunin Selsiyos, yayin da iskar sama za ta iya sauka zuwa digiri 15 ko 20 ƙasa da sifili. Wannan bambanci yana sa tururin ruwa ya riƙa hawa daga ƙasa zuwa sama ta tsakanin ƙwayoyin dusar, yana sake musu siffa. Idan bambancin ya kai digiri 1 a kowace santimita 10, ƙwayoyin sukan zama manya masu kusurwa, ba sa manne wa juna, ko an damƙe su a hannu sai su zube. Shi ya sa hunturun da aka fara shi da ƙarancin dusa yakan fi wanda aka yi zuba mai yawa sharri: siririyar shimfiɗa ta fi saurin ruɓewa ta wannan hanya, sannan manyan zuba su zo su hau kanta. Jihar Colorado, inda sanyi ke da tsanani dusa kuma ba ta cika kauri ba, ita ce ta fi kowace jiha a Amurka yawan waɗanda suka mutu a zaftarewa. Akwai kuma wata hanyar. A daren da gari ya yi garau babu iska, raɓa takan daskare a fuskar dusar ta zama siraran ganyayyaki masu ƙyalli a tsaye. Da safe abin gwanin ban sha'awa ne, amma idan sabuwar dusa ta rufe su ba su karye ba, sun zama rauni ɓoyayye da ke iya ɗaukar makonni, wani lokaci har watanni, bai warke ba. Sai iska, wadda ke kwasar dusa daga fuskar tsaunin da take bugawa ta jibge ta a fuskar da ke bayanta, ta daddale ta ta yi ƙwari. Iska tana iya loda wa gangare kaya cikin 'yan sa'o'i ko da ɗigon dusa bai faɗo daga sama ba.

Haɗuwar waɗannan biyu ce ke kisa: falle mai ƙwari a sama, shimfiɗa mai rauni a ƙarƙashinsa. Kamar a watsa tsabar gero a kan dakalin da ya karkata, sannan a ɗora ƙyauren katako a kai; zai zauna shiru har sai an taɓa shi. Idan nauyin mutum ya ratsa fallen ya isa shimfiɗar mai rauni, takan rufta a ƙarƙashin ƙafarsa, ruftawar ta janyo ta kusa da ita, tsagewar ta bazu cikin ƙiftawar ido har ta kewaye gangaren duka. A shekarar 2008 Joachim Heierli da abokan aikinsa suka wallafa bayani a mujallar Science da ya nuna cewa wannan ruftawa ita kanta tana iya tura tsagewar gaba, abin da ya fayyace wani al'amari da masu hawan tsauni suka daɗe suna gani: mutum yana tafiya a shimfiɗaɗɗen wuri a gindin tsauni, ya ji dusa ta yi wata ƙara ta nutsa a ƙarƙashinsa, sai gangaren da ke can samansa ya ɓalle. Busasshen falle yana iya kai gudun kilomita 130 a sa'a cikin daƙiƙa kaɗan. Da ya tsaya kuma sai ya daskare ya yi tauri, ta yadda wanda aka binne ko yatsa ba ya iya motsawa, balle ya tono kansa.

Ba a zauna an naɗe hannu ba. Tun 1936 aka fara nazarin dusa a kan tsaunin Weissfluhjoch da ke saman Davos, aikin da ya zama cibiyar binciken dusar ƙanƙara ta Suwizalan da ake kira SLF, wadda tun 1945 take fitar da sanarwar hasashen zaftarewa ga jama'a. A 1993 ƙasashen Turai suka amince da ma'auni guda mai mataki 5, daga haɗari kaɗan zuwa haɗari mafi tsanani. Sanarwar yau ba lamba kaɗai take bayarwa ba. Tana faɗin irin matsalar da ake ciki, ko sabuwar dusa ce, ko wadda iska ta tara, ko tsohon rauni da ke binne, ko jiƙaƙƙiyar dusa, ko wadda ke zamewa ɗungurungum a kan ciyawa, sannan ta nuna tsawon tsauni da fuskar da abin ya fi shafa. A fili kuma matafiyi yana da alamomi uku da babu gardama a kansu: sabuwar zaftarewa a gangare mai kama da wanda yake son shiga, ƙarar nutsewar dusa, da tsagewar da ke gudu daga bakin katakon zamiyarsa. Wanda ya ga ɗaya daga cikinsu ya riga ya sami amsa. Idan bai ga komai ba, sai ya haƙa rami da shebur ya dubi hawa-hawan dusar. A wani gwajin akan yanke ginshiƙi mai faɗin santimita 30 ta kowane gefe, a ɗora shebur a kansa, a buga sau 10 da motsin wuyan hannu, sau 10 daga gwiwar hannu, sau 10 daga kafaɗa, a ga inda zai tsage da yadda zai tsage. A 2006 Ron Simenhois da Karl Birkeland suka faɗaɗa ginshiƙin zuwa santimita 90 domin a ga ko tsagewar za ta ratsa daga gefe zuwa gefe, wanda shi ne ainihin abin tsoro. Waɗannan gwaje-gwaje ilimi ne na gaske, kuma ban raina su ba.

Matsalarsu tana ga girman abin da suke aunawa. Ramin gwaji bai wuce murabba'in mita ɗaya ko biyu ba, gangaren da ake son ratsawa kuwa yana iya kai girman filayen ƙwallo da yawa, kuma dusar da ke kansa ba iri ɗaya ba ce. Iska ta yi mata kauri a nan, ta kankare ta a can, dutse ya turo kai a wani wurin ya sa ta ruɓe a kewayensa. Nauyin mai zamiya ba ya cika yin tasiri a kan raunin da ke binne fiye da mita guda, don haka inda fallen ya yi kauri mutum zai bi ta kansa lafiya, ramin da aka haƙa a wurin ma ya nuna ƙarfi. Taku kaɗan gaba, inda fallen ya sirance kusa da dutse, nauyin mutum guda ya isa ya fara tsagewar da za ta bi ta ƙarƙashin mai kaurin ta kwashe shi duka. Wannan ne ya sa ake samun gangaren da mutum goma suka sauka a kansa sawunsu na nan a fili, na goma sha ɗaya ya tafi da shi. Daga nan wani abu mafi zurfi ya fito, kuma shi ne a ganina zuciyar lamarin: tsauni mugun malami ne, domin ba ya gyara wa ɗalibi kuskure. Ko a ranar haɗari mafi yawan gangara ba sa ɓallewa. Wanda ya yanke mummunar shawara ya sauka lafiya zai koma gida yana jin ya iya karatun dusa, gobe ya ƙara, shekara ta zagayo ya zama wanda ake tambaya. Ba shi da hanyar bambance ranakun da iliminsa ya fitar da shi daga ranakun da sa'a ce kawai. Gwajin da ya nuna rauni hujja ce gamsasshiya, tun da an ga raunin da ido. Gwajin da ya nuna ƙarfi kuwa abin da ya tabbatar kawai shi ne wannan ɗan wurin da aka haƙa yana da ƙarfi.

Ƙasa ba ta da wannan ruɗani. Kusan duk zaftarewar falle tana tashi ne a gangaren da karkatarsa ke tsakanin digiri 30 da 45, kuma mafi yawa a kusa da digiri 38. Ƙasa da digiri 30 falle yana iya tsagewa amma da wuya ya zame. Sama da 50 dusa ba ta cika samun zama ta taru ba. Karkatar gangare abu ce da ake aunawa a taswira tun daga gida, a sake aunawa da ƙaramin ma'auni a fili, kuma yadda take jiya haka take yau. Haka fuskar da gangare ke kallo: a ƙasashen arewacin duniya fuskokin arewa ba sa samun rana a tsakiyar hunturu, raunin da ke cikinsu ya fi daɗewa. Haka abin da ke ƙasan gangaren, domin ƙaramar zaftarewa da za ta bar mutum a sarari ita ce za ta binne shi mita uku idan ta tura shi cikin kwazazzabo, ko ta maka shi da bishiyoyi, ko ta jefa shi daga kan dutse. Werner Munter, jagoran tsauni ɗan Suwizalan, shi ne ya fi kowa tura wannan tunani a shekarun 1990. Ya koyar da a dubi abu uku, yanayin dusa da ƙasa da mutanen tawaga, a kuma dube su sau uku: a gida lokacin tsara tafiya, da isa yankin, da kuma a bakin gangaren kansa. Ya ƙara da wani lissafi mai sauƙi da ke haɗa matakin haɗarin ranar da karkatar gangare, yadda duk lokacin da mataki ya hau, iyakar karkatar da aka yarda a shiga takan sauko. Abin da ya yi shi ne ya amince cewa ba za a san dusa ba, ya gina tsari a kan wannan amincewa.

Mai ja zai ce wannan ka'ida ce ta sababbin shiga, gwani kuwa yana da idon da ya wuce lissafi. Alƙaluma ba su goyi bayansa ba. Ian McCammon, wani mai bincike a Amurka, ya bi diddigin haɗurra 715 da suka faru tsakanin 1972 da 2003, ya tarar cewa a mafi yawansu akwai alamun haɗari a fili kafin abin ya auku. Abin da ya rufe wa mutane ido halaye ne da kowa ya san su a kansa: sabo da wuri, nacin cika abin da aka fito yi, son burge abokan tafiya, sallama wa wanda ake gani shi ne babba, ƙwarin gwiwar da ganin wasu mutane ke bayarwa, da kwaɗayin riga kowa taka sabuwar dusa. Ya kuma ga cewa sabo da wuri yana cin masu horo sosai, har ya kusa shafe amfanin horon nasu. Ranar 19 ga Fabrairu, 2012, a Tunnel Creek kusa da Stevens Pass a jihar Washington, tawagar mutum 16 ta fita bayan shingen filin zamiya bayan an kwana ana zuba dusa. Cikinsu akwai ƙwararrun 'yan wasa da mutanen da suka san wurin ciki da bai. Uku suka mutu. Rahoton da John Branch ya rubuta wa jaridar New York Times, wanda ya ci lambar yabo ta Pulitzer a 2013, ya nuna cewa wasu daga cikinsu sun ji hankalinsu bai kwanta ba amma ba su furta ba, kowa yana ganin ai da akwai matsala da waɗanda suka fi shi sani sun yi magana. Ilimi bai yi ƙaranci a wannan tawaga ba, sai ma yawansa da ya zama abin da kowa ya fake da shi.

Wani zai ce to ai akwai kayan ceto. Akwai, kuma wanda ya fita babu su ya zalunci kansa da abokansa. Kowane matafiyi yana rataya na'urar da ke fitar da sigina a kan zango guda da aka amince da shi a duniya, kilohaz 457, yana ɗauke da sandar caka mai naɗewa da shebur. Amma a dubi lokacin da ake da shi. Binciken da Markus Falk da Hermann Brugger suka wallafa a mujallar Nature a 1994 ya nuna cewa sama da kashi 90 cikin 100 na waɗanda aka tono cikin minti 15 suna rayuwa, zuwa minti 35 kuwa adadin ya faɗo kusan kashi 30, saboda shaƙewa. Jirgin ceto ba ya cika isowa cikin wannan tazara. Abokan tafiya ne za su nemo mutum su tono shi, kuma wanda ke ƙarƙashin mita guda sai an kwashe dusar da ta kai tan ɗaya ko fiye. Yarima Friso na ƙasar Holan ya shafe kimanin minti 25 a binne kusa da Lech a Ostiriya cikin Fabrairun 2012. An tono shi, amma ƙwaƙwalwarsa ta riga ta lalace saboda rashin iska, ya rasu a watan Agustan 2013. Jakar goyo mai kumbura, wadda ke taimaka wa mutum ya tsaya a saman dusar da ke gudu, tana da amfani na gaske: nazarin Pascal Haegeli da abokansa na 2014 ya nuna tana rage mace-mace daga kashi 22 zuwa 11 cikin 100 idan ta buɗe. Rabi ke nan, saura rabin yana nan. Wani binciken Kanada na 2009 ya gano cewa kusan ɗaya cikin huɗu na mamatan buguwa da duwatsu da bishiyoyi ne ya kashe su, abin da babu na'urar da ke hanawa. Masu ceton ma ba su tsira ba: a Fabrairun 2020 a lardin Van na Turkiyya, zaftarewa ta biyu ta faɗa wa ɗaruruwan mutanen da suka zo tono waɗanda ta farko ta binne, aka rasa sama da mutum 40 a zaftarewar biyu.

Sukar da ta fi nauyi ita ce wadda ke cewa, in dai haka ne, to duk wahalar masana banza ce, sanarwar hasashe ma ba ta da amfani, tun da kusan rabin waɗanda ke mutuwa a Suwizalan suna mutuwa ne a ranakun mataki na 3, wasu kashi 30 kuma a mataki na 2. Wannan bai karanta alƙaluman daidai ba. A mataki na 4 da na 5 tsauni da kansa yana kora mutane, hanyoyi a rufe, kowa yana gida. Mataki na 3 shi ne ranar da gari ya waye da rana, sabuwar dusa tana ƙyalli, ba a cika ganin abin da ke ɓallewa da kansa ba amma nauyin mutum guda ya isa. Yawan mace-macen yana nuna inda jaraba da haɗari suka haɗu. Inda kuma aka yi amfani da ilimin dusa wajen hanawa, sakamakonsa a bayyane yake. A hunturun 1950 zuwa 1951 zaftarewa ta kashe mutum 98 a Suwizalan, akasarinsu cikin gidajensu. Bayan haka aka kafa shingayen ƙarfe na ɗaruruwan kilomita a saman ƙauyuka, aka zana taswirar wuraren da ba a yarda a yi gini ba, aka tsara rufe hanyoyi da kwashe mutane. A Fabrairun 1999, da aka sake samun zuba mai tsanani irin wancan, mutum 17 aka rasa a ƙasar, duk da cewa tsaunukan sun fi da cika da jama'a nesa ba kusa ba. Ba a ce an gama ba, domin a wannan Fabrairun ne mutum 31 suka mutu a ƙauyen Galtür na Ostiriya, amma bambancin ya isa hujja, kuma a 2018 hukumar UNESCO ta sanya wannan fasaha ta ƙasashen biyu cikin gadon al'adun ɗan Adam. Duk waɗannan nasarori na rufewa ne: a rufe hanya, a hana gini, a kwashe unguwa. Injiniyan da ke tsaron ƙauye ba ya buƙatar sanin wane gangare ne zai ɓalle da ƙarfe nawa. Ya ishe shi ya san cewa yau ba ranar barin mutane a ƙarƙashinsa ba ce. Mai zamiya ne kaɗai ke neman ilimin ya yi masa abin da ba zai iya ba, ya zaɓar masa gangare guda mai tsauri ya rantse masa a kai.

Dole a amince cewa wannan hanya tana da tsada, kuma tsadar ba ƙarama ba ce ga wanda ya tara kuɗi da hutu na shekara ya hau tsauni tun asuba. Zai juya baya a ranaku masu yawa da gangaren ba zai ɓalle ba, zai tsaya yana kallon wasu suna sauka a kansa lafiya, kuma babu wanda zai taɓa nuna masa ranar da juyawar ta ceci ransa. Ba kuma cewa ake yi a bar gangara masu tsauri har abada ba. Akwai makonnin da dusa ta zauna ta haɗe, musamman a ƙarshen hunturu idan ta daskare da dare, waɗanda masu haƙuri ke shiga manyan wurare da sassafe kafin rana ta jiƙa su. Ko a mataki na 1 ana mutuwa jifa-jifa, don haka haɗari ba ya komawa sifili. Abin da ake nema shi ne a yanke hukuncin tun mutum yana cikin hayyacinsa, kafin ya tsaya a bakin gangaren zuciya tana ja. Kamfanonin da ke kai masu zamiya tsaunukan yammacin Kanada da jirgi mai saukar ungulu sun mayar da wannan ka'idar aiki. Kowace safiya jagorori suna zama su bi jerin gangaransu ɗaya bayan ɗaya, su ware waɗanda aka buɗe da waɗanda aka rufe a ranar. Wanda aka buɗe, kowane jagora yana iya ƙin shigarsa idan ya isa wurin ya ga abin da bai gamshe shi ba. Wanda aka rufe kuwa ba a buɗe shi a fili, komai kyan da dusarsa ta yi daga tagar jirgi, sai an sake zama an duba shi a taro na gaba.